Hannun da Babanta Ya Ɗora

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Iyayena mata da 'yan'uwana na zumunta, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Saratu, amma a kasuwar Farin Gada in ba ka ce Maman Rahila mai kabeji ba, babu wanda zai nuna maka rumfata. Waɗanda suka san ni kuwa sun san ba a barina da magana, ko direbobin da ke sauke mana kaya za su ba da shaida. To yau in kun ji muryata ta sarƙe, ku yi mini haƙuri. Allah ya yi mini abu kuma dole in faɗa, amma da hawaye abin ya zo.

Maigidana, marigayi Bitrus, a wata gonar shanun madara yake aiki a Vom, shi ke kula da maruƙa. Allah ya ba mutumin nan hannu. In maraƙi ya karye, shi ake kira. Har a unguwa, duk wanda akuyarsa ta faɗa rami ko babur ya buge tunkiyarsa, ƙofar gidanmu zai sauke ta. Zai tsaga gora, ya naɗe ƙafar da tsumma, ya ɗaure, kafin a jima ka ga dabba tana tsalle. Ni kuma in ce masa, "Sannu likitan awaki, yau wa aka kwantar a asibitinka?" Sai ya yi dariya ya ce in ci gaba da raina shi, wata rana zan zo layi.

Ashe kuwa zan zo.

Rahila ita kaɗai Allah ya bar mana. Tana aji ɗaya a firamare lokacin. Wata Asabar suna wasa a kan duwatsun bayan gidanmu, ta zame ta faɗo, ta tokare ƙasa da hannun dama. Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Kafin a kawo ta gida gwiwar hannun ta kumbura, yarinya sai rawar jiki take yi.

Na ce, "Baban Rahila, mu tafi asibiti."

Ya taɓa wurin a hankali, ya ce, "Saratu, ƙafar maraƙi ta ninka wannan kauri ina ɗora ta. 'Yar cikina ce zan miƙa wa wani?"

Mahaifiyarsa, wadda muke kira Kaka, tare muke zaune da ita. Ta ce, "Ki bar shi ya yi abin da ya iya." Ni ma, gaskiya, na yarda da hannunsa. Na riƙe yarinyar, ya ja, ya daidaita, ya sa gora, ya rataye mata hannun a ƙirji da ɗankwalina. Yana yi hawaye na zubo masa.

Ba zan rage masa komai ba. Kowace safiya kafin ya tafi aiki sai ya sassauta ɗaurin, ya danna mata farce, ya ce ta motsa yatsu ya gani. Abin da bai lura da shi ba, akuya in ta taka ƙafa ta tafi kiwo, magana ta ƙare, babu mai tsayawa ya duba ko ƙafar ta ɗan karkace. Hannun 'ya mace ba haka yake ba.

Da aka kwance gorar, hannun ya sandare a lanƙwashe. Sai ya riƙa kawo man shanu daga gona, ya zaunar da ita a rana, yana shafawa yana ja kaɗan kaɗan, yana ba ta dariya don kada ta ji zafi. Wata safiya ina shara na ji dariyar ta ɗauke. Na waiwaya na gan shi riƙe da hannun, ya zuba masa ido. Na ce lafiya? Ya ce jikinsa ne babu daɗi. Na yarda, domin a makon ne idanunsa suka fara yin rawaya.

Ciwon hanta ne. Bai ɗauki lokaci ba. Ni ina ta zirga-zirgar neman magani da dafa abinci, Kaka ce ke zaune a gefensa yawancin yini. Kafin damina ta fita mun binne shi.

A wurin makoki duk wanda ya tashi magana, hannun Bitrus yake yabo. Wannan ya ce ya ceci saniyarsa, wancan ya ce akuyarsa. Kaka kuwa sai ta jawo Rahila tsakiyar mutane, ta dafa mata hannun da ke lanƙwashe, ta ce, "Ga aikin ɗana na ƙarshe. Ko asibiti ba a je ba." Mutane suna gyaɗa kai. Yarinyar tana tsaye tana ji. Ban ga hawaye a idonta ba ranar, na ɗauka ƙuruciya ce.

Bayan an share makoki ni da Rahila muka dawo Jos, Kaka ta zauna a Vom, na kama sayar da kabeji da karas. A nan na gani. Wata rana ta ɗauko bokitin ruwa, nauyi ya ja hannun ya miƙe har ƙarshe. Jama'a, daga gwiwa zuwa ƙasa hannun ya karkato ciki, gwiwar ta turo waje, kamar ƙotar fartanya. Ta ɗago ta ga inda nake kallo, ta dire bokitin, ta naɗe hannun a ciki. Ta kalle ni, na kalle ta. Ni mai bakin nan, ban ce uffan ba.

Irin wannan karkacewar, in hannu yana lanƙwashe ba a ganinta, sai an miƙe shi. Rahila ta gane haka tun kafin ni. Daga ranar ba ta ƙara miƙe hannun nan a gaban ɗan Adam ba.

Kun san ba a ba babba abu da hagu. To in za ta miƙa wa wani abu, sai ta matso kusa sosai, ta durƙusa, ta tallafe gwiwar hannun daman da tafin hagu, ta rufe wurin. Wasu a cikinku da ke zaune a nan kun sha ce mini, "Kai Maman Rahila, 'yarki akwai ladabi! Irin tarbiyyar da, yanzu babu ita." Ni kuwa ina cewa na gode. Ɓoyo take yi kuna yaba mata.

Ta daina rawa da 'yan makarantar Lahadi. Malamarsu ta boko ta kira ni ta ce yarinyar ta san amsa amma ba ta taɓa ɗaga hannu a aji. Sanyin garin nan ya taimake ta, kullum cikin suwaita, har a watan zafi. A nan cikin sujada, in aka ce a ɗaga hannuwa ga Ubangiji, kowa ya ɗaga, 'yata na tsaye a gefena ta rungume nata. Haka muka yi shekaru, har ta kai ajin ƙarshe na firamare.

Zan gaya muku yadda zuciyata take a lokacin, tunda a gaban Allah nake. Ina fushi da mamaci. In na tuna "'yar cikina ce zan miƙa wa wani?" sai in ji kamar in je kabarin in tashe shi mu yi faɗa. Sai kuma in tuna yadda yake kuka yana ɗaurin, in rasa inda zan kai fushin. Sai na juya shi kan Allah. Ina zuwa coci, ina sa kayan zumunta, ina buɗe baki a waƙa, amma ba na magana da shi. Na ce ka ɗauke mini miji, ka bar mini yarinya da tabo, me kuma za mu tattauna?

Abin ya fashe ne a shagon ɗinki. Akwai Hajiya Asabe a Gangare, tela ce, a wurina take sayen kayan miya, ni kuma ita ke mana ɗinkin Kirsimeti. Kullum tsohuwar rigar Rahila nake kai mata ta gwada da ita. A shekarar nan ta ce sam, yarinya ta zama budurwa, a kawo ta ta auna da kanta.

Ta ɗauko tef ta ce, "Miƙe hannu, 'yata."

Rahila ta miƙe na hagu.

"Ɗayan fa?"

"Duk ɗaya ne, Hajiya."

"Ke, ni za ki koya wa aikina?" Tana dariya ta kama hannun ta ja. Sai dariyar ta tsaya, kamar yadda ta tsaya ranar da Bitrus yake shafa man shanu. Ta tura yaran shagon waje, ta ce, "Maman Rahila, tun yaushe?"

Na ce ya daɗe.

"Kika zauna? Haba baiwar Allah! Ɗan ƙanina haka nasa ya yi, likitocin ƙashi suka yi masa aiki a nan garin, yanzu sai ya nuna miki tabon za ki sani. Ana gyarawa!"

Ana gyarawa. Shekaru ina kallon hannun nan, ban taɓa sanin ana gyarawa ba, domin ban taɓa tambaya ba. Wa zan tambaya, abin da ko sunansa ba ma kira a ɗaki?

Da ƙyar na ja Rahila muka je asibiti. Aka ɗauki hoton ƙashin. Likitan, wani mai sanyin magana, ya ɗaga hoton ya nuna mana. Ya ce ƙashin ya karye ne dab da saman gwiwa, ya kuma haɗe a karkace. Ba zai miƙe da kansa ba ko ta girma, tausa ba ta gyara shi, kuma nan gaba yana iya damun jijiyar hannun. Ya ce maganin sai tiyata: za su yanka ƙashin a inda ya karkace, su cire ɗan yanki, su daidaita shi, su riƙe da ƙarafa sirara, a sa filasta har ya kama. Bai ɓoye mana ba cewa aikin yana da haɗarinsa, domin jijiyoyin yatsu ta nan suke wucewa.

Rahila da ba ta magana da baƙi ta ce, "Dokta, wanda ya ɗora ya yi kuskure ne?"

Ya dube ta ya ce, "Ƙashin bai zauna daidai ba. Irin wannan karayar sai da hoto, hannu kaɗai ba ya gani. Amma ko wane ne, bai matse ɗaurin ba. Ana kawo mana yaran da ɗauri ya kashe musu hannu gaba ɗaya. Ke yatsunki duka suna aiki."

Ta ce, "Babana ne. Kuma ba za a karya aikinsa ba."

Ta tashi ta fita. Likitan ya ce mini ba zai sa wuƙa a jikin yarinya mai wannan wayon tana cewa ba ta so ba, mu je mu yi shawara.

A hanya na yi lallashi, na yi faɗa, na yi barazana. Ta bari sai da na gaji, ta ce, "Mama, in aka yi, kowa zai san Baba bai iya ba. Kaka za ta sani. Abin da take faɗa wa mutane kenan kullum. In aka karɓe mata wannan, me ya rage mata?"

Wayyo Allah! Yarinya ƙarama ta ɗauki sunan ubanta ta rungume a hannu ɗaya tun tana aji ɗaya, mu manya muna kallo.

Washegari a kasuwa na kasa ciniki. Wata ta taya kabeji da rainin hankali, maimakon in wanke ta kamar yadda na saba, sai na fashe da kuka. Na bar wa maƙwabciyata rumfa, na shiga bayan buhuna inda ake zubar da ganyen da ya lalace, na durƙusa a cikin laka. Ban iya addu'a mai tsari ba. Na ce, "Ubangiji, ni ce Saratu, wadda ta daina yi maka magana. Na gaji. Ban iya gyara hannun ba, ban iya gyara yarinyar ba. Ba na so in kunyata mijina, ba na so 'yata ta tsufa a naɗe. Ka nuna mini inda zan sa ƙafa."

Ban ji murya daga sama ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abu ɗaya ne ya zauna mini a zuciya ya ƙi tashi: je ki gaya wa Kaka. Abin da na fi tsoro a duniya kenan. Na ce Ubangiji, ba wani? Shiru.

Ranar Asabar muka shiga mota zuwa Vom. Rahila ba ta san abin da zai kai mu ba. Mun sami Kaka a tsakar gida tana tsince acca, ta tsufa sosai. Bayan gaisuwa na ce, "Kaka, akwai maganar da na zo da ita a kan hannun Rahila."

Rahila ta ce, "Mama, don Allah!"

Kaka ta ajiye faifan. Ba ta kalle ni ba, jikarta ta kalla. Ta ce, "Zo nan. Miƙe shi."

"Kaka, lafiyarsa ƙalau."

"Miƙe shi, na ce."

Ta miƙe. Tsohuwar ta bi karkacewar da yatsunta tun daga kafaɗa har wuyan hannu. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Sai ta ce, "Ya sani."

Na ce wa?

"Bitrus. Ya gani ranar da yake shafa mata mai. Yana kwance ya ce mini, Mama, hannun yarinyar nan bai zauna ba, na ɓata shi. In na tashi zan kai ta Jos a gyara. In ban tashi ba, ki gaya wa Saratu ta kai ta, kada ta tsaya." Ta ci gaba da cewa, "Na so in faɗa. Ranar makoki na buɗe baki in faɗa, sai na ji ana ta yabon hannunsa. Ɗana yana cikin ƙasa, in tashi in ce ya ɓata 'yarsa? Na ce gobe. Goben ce har yau."

'Yan'uwa, ku ji fa! Saƙon yana nan tun kafin a binne shi! Mu uku, kowa ta kulle bakinta don ta rufa wa mutum ɗaya asiri, shi kuwa tun yana numfashi ya riga ya faɗi gaskiya ya ce a gyara. Duk rawar da 'yata ba ta yi ba, duk amsar da ta haɗiye a aji, a banza. Maganganu masu zafi suka taru a bakina. Na dubi tsohuwar, ta dunƙule kamar tsumma, na haɗiye su.

Rahila ta ce, "Kaka, Baba ne ya ce a gyara?"

"Shi ya ce."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa, jikata. Ki yafe mini."

Sai yarinyar ta fasa kuka. Kukan da ba ta yi ba ranar da aka binne ubanta, ranar ta yi shi, tana kiran Baba, Baba, har maƙwabta suka shigo suna tambaya wa ya rasu.

Aka yi aikin. Ina zaune a bakin ɗakin tiyata, wasunku suna tare da ni, Allah ya sāka muku. Hajiya Asabe ma ta rufe shago ta zo da kunu. Da aka fito da ita, ƙaramin yatsanta ba ya ji, na ce shi ke nan, na jawo mata wani. Likita ya ce mu ba jijiyar lokaci. Muka yi ta addu'a, a hankali jin ya dawo. Yabo ga Ubangiji! Kaka ta zo daga Vom da man shanu a kwalba, nas ta ce kada ta kuskura ta kai shi kusa da ciwon. Ta zauna da kwalbarta a cinya har aka sallame mu.

Bayan an cire filasta da ƙarafan, sai gashin motsa hannu, yarinya tana cije leɓe tana zufa. Ran nan muna wurin masu koya mata motsin, hannun ya sauka har ƙarshe. Sambal, kamar ɗan'uwansa. Na yi tsalle, na yi guɗa a cikin asibitin mutane, na ce Halleluya! Na juyo in rungume ta, na ga ba ta dariya. Tana ta kallon hannun, tana juya shi. Ta ɗago ta ce, "Mama, wa zan nuna wa?"

Wanda ya fi kowa son ganin hannun nan a miƙe ba ya nan.

Shaidata kenan. Na gode wa Allah da ya ji ni a bayan buhunan kabeji bayan na juya masa baya. Na gode masa da ya ba likitoci sani, ya tsare jijiyar 'yata. Na gode masa da ya bar Kaka da rai har ta isar da saƙon, domin da ta tafi da shi, da Rahila tana nan a naɗe har yau. Shekarun da suka wuce ba za su dawo ba, kuma har yanzu ina roƙon Ubangiji ya ƙarasa wanke mini zuciya a kan tsohuwar nan. Ku sa ni a addu'a.

Iyaye mata, in yaro ya faɗi gwiwar hannu ta kumbura, ku kai shi asibiti a ɗauki hoto, ko da wanda ya fi kowa iya ɗori a gidanku yake kwana. In kuma ya riga ya haɗe a karkace, ana gyarawa. Wadda kuma take zaune a nan da abin da ta naɗe ta ɓoye, ta kai wa Yesu. Ya ji ni, zai ji ki. Ku dogara gare shi.

Tambayar da 'yata ta yi mini a asibiti, na yi ta juya ta a raina. Ubanta ba ya nan, amma ku kuna nan, kuma Uban marayu yana gani. Rahila, tashi. Cire suwaitar. Sauke hagun nan daga gwiwar, 'yata, babu sauran abin rufewa. Ɗaga shi sama su gani.

Bitrus, na kai ta.

Ubangiji ya karɓi ɗaukaka, cikin sunan Yesu. Amin.